Wace Linux Ta Dace da Ɗalibin Batsari da Safana?



Tambayar da wannan lacca za ta yi ƙoƙarin amsawa ita ce: yaron da ya fito daga Batsari ko Safana, ya sami shiga sashen ilmin kwamfuta a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, ko Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, ko Jami'ar Al-Qalam da ke Katsina, aka ce masa lalle ya koyi rubuta manhaja, wace irin Linux ya kamata ya ɗora wa kwamfutarsa? An yi rubuce-rubuce masu yawa game da wannan zaɓi, amma galibin masu rubutun suna zaune ne inda wuta ba ta ɗaukewa, intanet kuma ba a auna ta da mudu. Shawararsu ba ƙarya ba ce, sai dai ba a gonar nan aka gwada ta ba.

Kafin a shiga cikin maganar, ya kamata a daidaita kalmomi uku. Kowace kwamfuta tana da uwar manhaja, watau wadda ke tashi da farko idan an kunna ta, ta riƙa raba wa sauran manhajoji wurin zama da lokacin aiki, ta kuma shiga tsakaninsu da ƙarfen na'urar. Windows uwar manhaja ce, Android ma haka. Kalma ta biyu ita ce buɗaɗɗen tushe: manhajar da aka bar asalin rubutunta a fili, aka kuma yarda wa kowa ya karanta, ya gyara, ya kwafa ya ba wani. Ta uku ita ce zubi. Linux a karan kanta ƙwaya ce kawai, ba ta isa a yi aiki da ita ita kaɗai ba. Sai wasu mutane sun ɗauke ta, sun haɗa ta da dubban kayan aiki, sun tsara yadda za a girka ta da yadda za a riƙa sabunta ta. Abin da suka haɗa shi za a kira zubi a nan, kuma akwai ɗaruruwansu.

Asalin Abin

Cikin 1969 ne Ken Thompson da Dennis Ritchie suka ƙirƙiri Unix a ɗakunan bincike na Bell a Amurka, sa'an nan Ritchie ya fito da harshen C wajen 1972. Unix ta yaɗu a jami'o'i, amma mallakar kamfani ce. Cikin 1983 sai Richard Stallman ya yi shelar shirin GNU, da nufin a sake gina irinta wadda ba wanda zai hana wani karantawa ko kwafa. Kayan aiki suka taru, ƙwaya ta rage. Ita ce wani ɗalibin Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fara rubutawa cikin 1991, yana ɗan shekara 21, a kan kwamfutar da ya saya don kansa. Bayan shekara biyu, cikin 1993, wani ɗalibin kuma, Ian Murdock na Jami'ar Purdue, ya kafa Debian. Ya kamata ɗalibai su lura da wannan: ƙwayar da zubin da za a fi ambata yau, duka ɗalibai ne suka fara su.

Daga Debian aka cire reshen Ubuntu cikin 2004, da kuɗin Mark Shuttleworth mutumin Afirka ta Kudu, sunan ma daga harsunan Zulu da Kosa aka ɗauko shi. Daga Ubuntu kuma aka cire Linux Mint cikin 2006. A wani gidan dabam akwai Fedora, wadda ta fito cikin 2003 ƙarƙashin inuwar kamfanin Red Hat, da Arch wadda Judd Vinet ya fara cikin 2002. Yau Linux ce ke cikin wayoyin Android, ita ke riƙe da galibin manyan na'urorin da ke ɗauke da shafunan intanet, kuma tun daga Nuwamba 2017 kwamfutoci 500 da suka fi kowaɗanne ƙarfi a duniya duk a kanta suke aiki. Saboda haka ba a buƙatar dogon bayani game da dalilin da zai sa mai koyon rubuta manhaja ya san ta. Inda zai je neman abinci, ita zai tarar.

Gonar da Za a Shuka

Manomin Ruma ko na Runka ba ya tambayar wane iri ya fi kyau a duniya. Yana tambayar wanda zai nuna kafin ruwa ya ɗauke a ƙasarsa. To, haka ya kamata ɗalibi ya fara da duban halin da yake ciki.

Na farko dai ita kwamfutar. Yawancin ɗaliban wannan yanki ta hannu suke saye, wadda ta gama aiki a wani ofis a Turai ko Amurka, ta biyo ta Legas ko Kano kafin ta iso. Sau da yawa ƙwaƙwalwar aikinta, wadda 'yan kasuwa ke kira ram, ba ta wuce giga 4 ba, batirin kuwa ya riga ya gaji. A ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya rufe tallafin da yake bai wa kowa na Windows 10, alhali Windows 11 tana neman wasu sharuɗɗa na ƙarfe waɗanda tsofaffin injuna da yawa ba su cika ba. Wannan ya bar ɗimbin kwamfutoci masu lafiya ba su da mai kula da tsaronsu, kuma irinsu ne ke cika kasuwannin gwanjo. Ga mai irin wannan na'ura, Linux ba ado ba ce, hanya ce da zai ci gaba da samun gyare-gyaren tsaro ba tare da ya sayi sabuwa ba.

Na biyu wutar lantarki, wadda ba sai an tsaya bayaninta a gaban wannan taro ba. Abin da ya shafi batun shi ne, babu lokacin da ya fi hatsari ga uwar manhaja kamar sa'ad da take tsakiyar sabunta kanta. Idan batir ya mutu a daidai lokacin, tana iya kwana rabi sabuwa rabi tsohuwa. Akwai hanyar gyara, amma duk zubin da ke yawan neman babbar sabuntawa yana yawaita ranakun da za a shiga wannan hatsari.

Na uku, wanda ya fi sauran nauyi, shi ne sadarwa. Data tana da tsada, cikin Janairu 2025 kuma hukumar sadarwa ta ƙasa ta amince wa kamfanoni su ƙara farashi har kashi 50 cikin ɗari. Amma mutanen yammacin Jihar Katsina sun ga abin da ya fi tsada. Cikin Satumba 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar saboda yaƙi da 'yan bindigar da ke fakewa a dajin Rugu da kewayensa. Batsari da Safana suna ciki, Dutsin-Ma mai jami'a ma tana ciki. Sai cikin Disamba aka fara maido da sabis, watau an yi kimanin wata uku wayar hannu ba ta da amfani sai haska fitila. Mai son ya aika saƙo sai ya shiga mota ya nufi garin da sabis ke kaiwa, a kan hanyoyin da kowa ya san halinsu. Ba a fata a sake ganin irin wannan. Duk da haka ɗalibin da ya rayu cikin waɗannan watanni yana da hakkin ya yi wa kowace manhaja tambaya guda: idan aka raba ki da intanet wata uku, za ki ci gaba da aiki, kuma ranar da sabis ya dawo, nawa za ki ci?

Auna Su Ɗaya Bayan Ɗaya

Da wannan tambaya za a auna Arch. Ba ta da bugu na ɗaya da na biyu, kullum cikin sabuntawa take, kamar kogi. Masu ita sun faɗa a fili cewa ba a sabunta wani sashe a bar wani. Ma'anar wannan ita ce, wanda ya yi wata uku bai taɓa ta ba, ranar da ya so ya ƙara ƙaramin kayan aiki guda, tilas ya sauko da duk abin da ya canja a bayansa, wani lokaci har ya tsaya warware matsalar makullan tantancewa da suka tsufa. Arch makaranta ce mai kyau, littafin bayaninta na intanet kuwa ko masu wasu zube-zuben suna amfana da shi. Amma wurinta shi ne kwamfuta ta biyu, ko gwaji a lokacin da ba jarrabawa a gaba. Ba a ɗora mata aikin kammala digiri a garin da sabis ke zuwa yana tafiya.

Fedora ta fi ta natsuwa. Tana fitar da sabon bugu kusan kowane wata shida, tana kula da kowane bugu kimanin wata 13. Digiri kuwa shekara huɗu ne a takarda, kuma waɗanda suka ga yajin aikin malaman jami'a na 2022, daga Fabrairu har Oktoba, sun san yana iya zarce haka. Ke nan mai Fedora zai yi babbar ƙaura aƙalla sau uku ko huɗu kafin ya gama, kowace ƙaura da nata giga-gigan data da nata daren fargabar batir. Inda ta yi fice shi ne sabuwar kwamfuta fil, domin ƙwayarta sabuwa ce, tana gane sababbin kayan ƙarfe da wuri. Wanda Allah ya hore wa sabuwa, ya kuma zauna inda intanet ke wadace, ba laifi ya ɗauke ta.

Akwai wadda ya kamata a ambata don a kawar da ita, watau Kali. Samari suna son ta saboda hoton macijin nan da kuma sunan da ta yi wajen kutse. Kamfanin Offensive Security ne ya fitar da ita cikin 2013 don ƙwararrun masu gwada tsaron na'urori, kuma su masu ita sun rubuta cewa ba su ba da shawarar baƙon Linux ya mai da ita abin aikin yau da kullum ba. Ɗan aji ɗaya da ya girka Kali bai zama masanin tsaro ba, kamar yadda rataya takobi ba ya mai da mutum barde. Ga kuma dokar laifuffukan intanet ta 2015, wadda ba ta karɓar uzurin cewa gwaji ake yi.

Saura gidan Debian. Ita uwar tana fitar da tabbataccen bugu kusan kowace shekara biyu: na 12 cikin Yuni 2023, na 13 cikin Agusta 2025. Kowane bugu yana samun kulawa kimanin shekara biyar idan an haɗa da tallafin dogon zango, kuma a tsawon wannan lokaci abin da ke saukowa galibi gyaran tsaro ne, ƙanana. Rumbunta yana da ƙunshin manhajoji fiye da 60,000. Abin da ya fi dacewa da wannan yanki shi ne, tana da babban faifan girkawa, wajen giga 4, wanda ya ƙunshi kayan da aka fi nema, ana girka ta da shi ba tare da intanet ba, sa'an nan a ci gaba da ɗebo kaya daga cikinsa. A da ana kuka da ita cewa ba ta gane na'urar wayifai ta kwamfutoci da yawa, amma daga bugu na 12 an shigar da waɗannan ƙananan manhajojin kamfanoni cikin faifan girkawa, kukan ya ragu ƙwarai.

Ubuntu tana fitar da bugu mai dogon tallafi cikin Afrilu na kowace shekara biyu, kamar na 2022 da na 2024, kowanne da kulawar shekara biyar. Babbar falalarta ita ce yawan jama'a: kusan duk bayanin da ɗalibi zai karanta game da girka wani kayan aiki, da ita aka yi misali. Aibinta biyu ne ga talaka. Fuskarta ta asali tana da nauyi a kan giga 4, faifan bugun 2024 kuma ya kusa giga 6. Sa'an nan tana kawo wasu manhajoji, har da Firefox, cikin wani irin ƙunshi mai suna snap, wanda ke sabunta kansa ba tare da ya nemi izini ba, sai fa in an shiga an hana shi. Mai sayen data da kuɗin abincinsa ba zai so baƙon da ke buɗe tukunya da kansa ba.

Linux Mint ta ɗauki jikin Ubuntu mai dogon tallafi, ta rufe ƙofar snap tun daga bugu na 20 cikin 2020, ta kuma bar sabuntawa a hannun mai kwamfuta. Tsarin fuskarta ya yi kama da abin da wanda ya saba da Windows ya sani, kuma tana da nau'i mai fuskar Xfce wadda ba ta cin ram da yawa.

Hukuncin wannan lacca ke nan: ɗalibin Batsari da Safana ya tsaya a gidan Debian, a kan bugu mai dogon tallafi, da fuska marar nauyi. Sabon shiga ya fara da Mint mai Xfce. Wanda hannunsa ya faɗa, ko wanda ya san zai daɗe a gida ba sabis, ya ɗauki Debian kanta. Tun da tsarin ƙunshinsu da umarnin apt ɗaya ne, abin da aka koya a ɗaya ba ya ɓacewa in an koma ɗayar. Mai tsohuwar na'ura ƙwarai, irin mai bit 32, ya sani Ubuntu da babban reshen Mint sun daɗe da barin ta, Debian ma a bugu na 12 ta tsaya da cikakken tallafinta.

Za a ce, ai kayan Debian tsofaffi ne. Gaskiya ne, sukan kasance baya da shekara ɗaya ko biyu. To amma me ake koya wa ɗalibi a aji ɗaya zuwa aji uku? Harshen C, da Java, da Python, da tsarin jera bayanai, da rumbun bayanai na SQL. Hanyar jerawa mai sauri da ake kira quicksort, wadda ake tambaya a jarrabawa har yau, Tony Hoare ya fito da ita tun wajen 1960. Tafintan gcc na shekarar 2023 zai fassara aikin gidan ɗalibi daidai da na bana. Da tsohuwar zuma ake magani. In wani aiki ya buƙaci sabon ɗakin karatu na Python, akwai hanyar keɓe masa wurinsa shi kaɗai ba tare da an taɓa uwar manhaja ba, Debian ma tun bugu na 12 tana tilasta a bi wannan hanya.

Wata gaskiyar kuma da masu son Linux ba su cika faɗa ba: akwai darussan da malami zai nemi manhajar da sai a Windows take aiki, kamar Visual Studio. Ɗalibi kada ya yi gardama da malaminsa a kan wannan. Ya raba faifan ajiyarsa biyu, ya bar Windows a gefe guda, bayan ya kwashe takardunsa zuwa wani wuri kafin ya fara. Kuma in ya sami 'yan kuɗi, ƙara ram zuwa giga 8 da sauya tsohon faifai da na SSD zai fi yi masa amfani bisa sauya zubi sau goma. Cutar nan ta tsalle daga zubi zuwa zubi kowane mako ta cinye wa ɗalibai da yawa zangon karatu guda, suna girkawa suna gogewa, ba su rubuta layi ɗari na manhaja ba.

Hannu Ɗaya Ba Ya Ɗaukar Jinka

Akwai wani dalili da ya sa zaɓin ba na mutum ɗaya ba ne. Duk ƙunshin da apt ya sauko da shi ana iya ajiye shi a kwafa a filashi. Idan ɗalibai talatin suna kan zubi ɗaya da bugu ɗaya, mutum guda zai sayi data ya sauko da Java, sauran ashirin da tara su karɓa daga hannunsa, lasisin kuwa ya halatta haka, ba sata ba ce. Idan kuwa kowa da nasa zubi, kowa zai biya, kuma ranar da ta ɗaya ta ƙi tashi, ba wanda ya san ciwonta. Akwai ma manhaja mai suna apt-offline wadda aka yi musamman don kwamfutar da ba ta da intanet: ta rubuta abin da take bukata a filashi, a kai inda sabis yake a sauko da shi, a komo a zuba mata.

A nan sassan ilmin kwamfuta na jami'o'in jihar da reshen ƙungiyar ɗalibai ta NACOS suke da aiki mai sauƙin kuɗi. Sashe ya tsai da zubi guda ya sanar da sababbin ɗalibai tun makon farko. Ya ware tsohuwar kwamfuta ɗaya a ɗakin gwaji ta zama rumbu, da manhaja irin apt-cacher-ng, yadda abin da aka sauko da shi sau ɗaya zai wadaci kowa. Ya sa rana guda a farkon zango da manyan ɗalibai za su girka wa ƙanana. Wannan bai kai kuɗin kujerun ɗakin taro guda ba.

A ɗan ratse kaɗan. Linux tana zuwa da tsarin allon rubutu na Hausa a cikinta, mai ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, sai dai kawai a zaɓe shi. Fassarar fuskokinta zuwa Hausa kuwa har yanzu da saura ƙwarai, kuma ƙofar a buɗe take ga duk mai so. Ɗalibin da ke neman aikin da zai fara sa hannu a cikinsa a idon duniya, ga shi nan a harshen da ya sha a nono.

Saura shirin tafiya hutu, domin a nan ake gane ko zaɓin ya yi amfani. Kafin ɗalibi ya bar makaranta ya nufi Wagini ko Zakka, ya tabbata ya girka ƙunshin build-essential mai ɗauke da tafintan C, da kayan Java, da rumbun bayanai ko da SQLite ne, da littattafan bayani da ake karantawa ba intanet, irin su manpages-dev da python3-doc. Ya girka git, wadda Torvalds ya rubuta cikin 2005, domin tana adana tarihin kowane gyara a cikin kwamfutar kanta, sai ranar da aka sami sabis a tura gaba ɗaya. Ya yi babbar sabuntawa a inda wuta take tsaye, batir a cike, ba a tasha ba. Ya riƙe filashi biyu: ɗaya mai faifan girkawa, wanda zai iya tayar da kwamfutar da shi in ta ƙi tashi, ɗaya mai kwafin aikinsa. Tun ranar girkawa kuma ya karɓi tayin da Debian da Mint ke yi na kulle faifan ajiya duka da kalmar sirri, saboda kwamfuta tana iya barin hannun mai ita a kan hanya. Filashin aikin kuwa kada ya kwana a jaka ɗaya da kwamfutar. Ya sa shi a aljihu, ko ya bar kwafi wurin abokin karatu a Katsina ko Dutsin-Ma.